Bukkar Haya a Gindin Dutsen Rumsiki

A al'adarmu ta Hausawa ba a san mutum ya fid da kuɗinsa domin ya sayi zaman kaɗaici ba. In aka ga wani ya keɓe kansa, ba ya shiga mutane, sai a soma tambaya: ko ba shi da lafiya ne, ko an yi masa rasuwa, ko kuwa ya yi fushi da danginsa? Gama mu mun ce mutum rahama ne, mun kuma ce zumunci a ƙafa yake. Amma a waɗansu ƙasashe wannan abu sana'a ce babba. Mutum yakan gina ɗan ɗaki a gindin dutse ko a bakin kurmi, nesa da gari, ya riƙa ba da shi haya ga mutanen birni waɗanda hayaniya ta ishe su. A nan ƙasarmu Kamaru ma akwai irinsa, ko da yake yawanci Turawa ne suka san hanyarsa. Ni na taɓa zama a irin wannan ɗaki kwana 12, a watan Janairu na shekarar 2011, a ƙasar Kapsiki cikin duwatsun Mandara. Abin da na gani a can nake so in ba mai karatu labari, domin ya shafi hakkin da ke tsakanin baƙo da mai masauki.

Dalilin tafiyata ba ɓoyayye ba ne. Ina aiki a ɗakin ba da magani na wani ƙaramin asibiti a Garwa, a lokacin na shekara 17 a wurin. Jinina ya hau, barci kuma ya ƙaurace mini. In na kwanta ƙarfe 10, kafin ƙarfe 2 na farka, shi ke nan sai asuba. Likita ya rubuta mini magani, sa'an nan ya ce, "Ka haɗa wannan da barin gari na 'yan kwanaki." Ya san halin garinmu. Ma'aikaci ba ya hutawa a gidansa, gama da an ji yana hutu sai a ce madalla, ga suna, ga ɗaurin aure, ga ta'aziyya, ga mata da miji da za a sulhunta. Wani abokin aikina, mutumin Mokolo, shi ya gaya mini akwai wani dattijo a bayan Rumsiki mai bukkoki biyu na haya a gonarsa, ya kuma aika masa da saƙo cewa ina zuwa.

Hanya da masauki

Daga Garwa zuwa Marwa kimanin kilomita 200 ne. Daga Marwa sai a yi yamma kilomita 80 zuwa Mokolo, duka a kan kwalta. Daga Mokolo kuwa saura kilomita 50 da 'yan kai, a kan hanyar jar ƙasa da tsakuwa wadda ruwan damina ya yayyanka. Na hau babur na haya, muka yi sa'a biyu da rabi muna karkaɗa. Da muka kusa Mogode sai ƙasa ta buɗe, ga waɗansu duwatsu dogaye tsaye cak, kamar an kakkafa taɓare a fili. Wanda ya fi suna a cikinsu, watau na Rumsiki, ƙwanƙolinsa ya kai mita 1,224 bisa teku.

Masana ƙasa sun ce a zamanin da can duwatsu ne masu aman wuta. Narkakken dutsen da yake tasowa ta maƙogwaronsu ya daskare a ciki, ya yi tauri fiye da jikin dutsen da ke kewaye da shi. Ruwa da iska suka yi ta zaizaye na wajen har ya ƙare, aka bar toshiyar maƙogwaron ita kaɗai a tsaye. Duwatsun Mandara gaba ɗaya sun miƙe kusan kilomita 200 a kan iyakar Kamaru da Nijeriya, daga wajen Binuwai a kudu har Mora da Gwoza a arewa. Mafi tsawonsu, Upai, mita 1,494 ne.

Bukkar tana tafiyar minti 40 a ƙafa daga ƙauyen, a gefen gangare, tana duban yamma. Masu jin Faransanci a nan suna kiran irinta bukaru, kalmar da suka aro daga Fillanci, 'yar'uwar bukka tamu. Zagayayyen ɗaki ne, ƙasansa ginin dutse, samansa jar ƙasa, aka ɗora masa jinka mai tsini. A ciki akwai gadon katako da katifar auduga, gidan sauro, kujera ɗaya, ɗan tebur, fitilar ƙwai, da randa a bayan ƙofa da moɗa a kanta. A baya akwai makewayi na zana. Ba lantarki, ba famfo. Wayar hannu ba ta kamawa sai an hau wani falalen dutse a saman gonar, a can ma layin Nijeriya take kamawa. Kuɗin haya sefa 3,000 ne a kwana, har da tuwon dare. Gidan mai bukkar yana can ƙasa, ana hango rumbunansa, amma in an yi kira ba lalle a ji ba.

Dattijon, wanda nake ce wa Baba, yana jin Hausa sarai, gama ya yi shekaru yana dako a kasuwar Mubi a ƙuruciyarsa. Ya nuna mini kome da kome, sa'an nan ya ce, "Malam, da dare kada ka fita ba tocila. Da safe ka kakkaɓe takalminka saboda kunama. In wani abu ya same ka, ga ƙarfe nan, ka buga sau uku, za mu zo." Wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ne ya rataye a reshen tsamiya. Ban taɓa buga shi ba har na tashi, amma kowane dare sai na haska tocila na tabbata yana nan.

Dare da rana

Abu na fari da ya marabce ni shi ne sanyi. Garwa tana ƙasa-ƙasa a bakin Binuwai, ba ta wuce mita 250 bisa teku ba, tana kuma cikin garuruwa mafi zafi a Kamaru. Tudun Kapsiki kuwa kimanin mita 1,000 ne, kowane mita 1,000 da mutum ya hau kuma zafi yakan sauka da digiri 6 ko fiye kaɗan. Ga shi tsakiyar hunturu ne. Bargo biyu na rufa, da safa a ƙafa.

Na biyu shi ne shiru. A gari ko an ɗauke wuta akwai injin wani, akwai babur, akwai rediyon maƙwabci. A can da an gama cin tuwo ba abin da ya rage sai iska a jikin jinka, da mujiya, da wani kare can nesa. Dare uku na fari ban yi barcin kirki ba. Mutumin da ya saba amsa kira, ko an daina kiransa kunnensa ba ya daina jira. Ina kwance ina lissafin magungunan da suka kusa ƙarewa a ɗakin aikina, da kuɗin makarantar yara, da maganganun da aka yi aka wuce tun bara. A dare na huɗu na kwanta bayan tuwo, ban farka ba sai da rana ta shigo ta tsagar ƙofa. Daga nan barci ya dawo. Ban fasa shan maganina ba ko rana ɗaya, amma abin awon jinin da na zo da shi ya riƙa ba ni labari mai daɗi.

Da rana aikina kaɗan ne. In yi tafiyar sa'a guda da safe, in dafa shayi a murhun duwatsu uku, in karanta abin da na zo da shi, in zauna a inuwar tsamiya ina kallon rema suna shan hantsi a kan duwatsu. Da yamma ƙurar hunturu takan rufe kwarin da ke yamma, sai kawunan duwatsu kaɗai suke fitowa. Duk wanda ya ce irin wannan zama ba ya warkad da jiki, bai gwada ba ne.

Ruwan randa

Kowace safiya nakan tarar da randa a cike, ga kuma jarka ɗaya a bakin makewayi. A rana ta biyar na fito tun da jijjifi, sai ga masu kawowa: surukar Baba da 'yarta, yarinya wadda ba ta wuce shekara 12 ba. Matar ba ta jin Hausa sosai, sai muka haɗu a Fillanci. Na roƙi Baba izini, washegari na bi su in ga inda ruwan yake fitowa.

Mun yi minti 45 muna gangarawa kafin mu kai rafin, wanda ya ƙafe tun watan Nuwamba. A tsakiyar yashi an haƙa rami da ya kai mutum ƙirji, ruwa yana tsattsafowa a ƙasansa kaɗan-kaɗan. Mata wajen goma ne muka tarar suna jiran layi. In layin mace ya zo sai ta sauka da ƙwarya, ta kwalfa, ta jira ya taru, ta sake kwalfa. A ƙasar nan ruwan sama yakan zuba daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, da yawa kuwa, amma ƙasa a karkace take, ƙarƙashinta kuma dutse ne, sai ruwan ya gudu kwari. Abin da yashin rafi ya riƙe, da 'yan rijiyoyi, shi ake sha har wata damina.

Jarka ɗaya lita 20 ce, lita ɗaya ta ruwa kuwa kilo ɗaya ce. Matar ta ɗauki jarka a ka, yarinyar ta ɗauki tulu, muka yi fiye da sa'a guda muna hawa. Ni da ba na ɗauke da kome sai sanda, sau uku ina tsayawa. Ga lissafin da na yi da na koma bukka. Ina cinye jarka biyu a rana, sha da wanka da shayi. A kwana 12 jarka 24 ke nan, watau kilo 480, kusan rabin tan, an hau da shi dutse a kan wuyan mace da na yarinya. Wannan kuwa ƙari ne a kan ruwan gidansu da na awakinsu.

Da na ci gaba da ƙirge sai na ga ba su kaɗai ba ne. Akwai uwargidan Baba mai tuƙa tuwon dawa da miyar kuka ko ta yakuwa da gyaɗa. Akwai yaron da yake hawo mini da shi kullum da magariba, ya jira kwano. Akwai wanda ya yanko ciyawar jinka, wadda sai an sabunta ta bayan 'yan shekaru. Akwai Baba kansa, wanda yake zagayowa da dare ya duba ya koma, ba tare da ya ƙwanƙwasa ba, sai da safe in ga sawunsa. Mutum shida ke nan suke ɗauke da kaɗaicin mutum ɗaya.

Mai karatu zai ce ai a birni ma haka ne, kuma gaskiyarsa. Waɗanda muke dogara gare su a Garwa sun fi shida nesa ba kusa ba. Bambancin shi ne bututun famfo da wayar lantarki sun ɓoye mana su, muna biyan takarda a ƙarshen wata, ba mu san fuskar kowa ba. A bukka kuwa ba abin da ya ɓoye su. Ka san wuyan da ruwanka ya hau, ka san sunan 'yarta, ka san ba ta je makaranta da wuri ba ran nan saboda layi ya yi tsawo. Daga ranar na ce wa Baba ina so in biya kuɗin ruwa dabam da na ɗaki. Ya yi dariya, ya ce, "To, Malam, ka ba ta a hannunta. In ka ba ni, wurin mai taba zai ƙare."

Abin da ya hau da su dutse

Duk gangaren da ke kewaye da bukkar gonaki ne hawa-hawa kamar matakala, kowanne an tokare shi da jerin duwatsu domin kada ruwa ya tafi da ƙasa. Waɗansu faɗinsu bai wuce taki biyu ba. Kowace shekara kafin ruwan shuka sai an bi su an mai da duwatsun da suka zame. A nan suke noman dawa, da gyaɗa, da wake, da masara, da dankali. Wurin da baƙo yake gani kamar daji ne, da wuya a sami tafin hannu guda a cikinsa da hannun mutum bai taɓa ba.

Wata yamma na tambayi Baba abin da ya sa mutane suka zaɓi noman dutse, ga fili can ƙasa mai taushi. Ya daɗe bai amsa ba. Sa'an nan ya ce, "Malam, kai ka hau nan don ka huta. Kakanninmu sun hau don kada a ɗaure su. Doki ba ya hawan wannan." Ya nuna mini dangar ƙerana da ta tsufa a bakin hanya, ya ce da irinta ake tare mahaya. Ya nuna mini bakin wani kogo inda ake ɓoye mata da yara da awaki in an hango ƙura. Ya kuma ambaci wani suna, Hamman Yaji, da murya ƙasa-ƙasa, kamar mutumin yana bayan danga.

Hamman Yaji shi ne sarkin Madagali daga 1902 zuwa 1927, a gindin waɗannan duwatsu ta ɓangaren da yake Nijeriya a yanzu. Tun daga 1912 ya sa ana rubuta masa al'amuransa, a ciki har da hare-haren da ya aika cikin duwatsu, da yawan mutane da shanun da aka kamo masa. Turawan Ingila suka tuɓe shi a 1927, an kuma buga wannan rubutu da Turanci a 1995. Kafin shi ma, daular Barno da ta Wandala, daga baya kuma sarakunan Adamawa, sun daɗe suna samun bayi daga duwatsun nan. Nisan da na biya kuɗi domin in samu, shi ne ganuwar da mutanen Baba suka tsira da ita.

Wannan magana ta shafe ni ta fuska biyu. A ƙarni na 19 fatake Hausawa suna cikin masu sayen bayi a kasuwannin Adamawa, watau harshen da muke hira da shi ni da Baba an taɓa yin cinikin mutane da shi. Ta ɗaya fuskar kuma, kakannina Maguzawa ne daga ƙasar Katsina, na san nauyin kalmar arna. A nan kalmar da aka jefa wa mutanen dutse ita ce Kirdi, aka haɗa su duka a buhu ɗaya, alhali kowa da sunansa: Kapsiki, Mafa, Mofu, Podoko, Bana da sauransu. Na faɗa wa Baba duka biyun. Ya ce, "Wanda ya zo da igiya dabam, wanda ya zo da sallama dabam. Kai da sallama ka zo. Sha shayinka."

Daga bakin bukkar ana hango Nijeriya, ba shinge, ba alama. A wancan gefen, a ƙasar Michika, ana kiran mutanen nan Kamwe, waɗansu kuma su ce Higi, amma jama'a ɗaya ce da harshe ɗaya. Duk yankin yana ƙarƙashin Jamus har 1916, sa'ad da Ingila da Faransa suka raba shi. A ƙuri'ar jin ra'ayi ta 1961 rabon Ingila na arewa ya zaɓi shiga Nijeriya, sai layin ya tabbata ta tsakiyar dangi. Baba yana da ƙanwa da take aure a can, ya ce ƙafa ce fasfonsa.

A lokacin Rumsiki tana samun baƙi ƙwarai, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Motoci sukan kawo Turawa daga Marwa, a kai su wurin masaƙa da magina tukwane da maƙeran tagulla, a kai su wurin tsohon da yake duba da ƙaguwa. Yakan zuba yashi da ruwa a tukunya, ya kakkafa 'yan tsinke da ɓallin ƙwarya, ya saka ƙaguwa ya rufe, in an jima ya buɗe ya faɗi abin da ya gani daga yadda ta birkita su. Sai a ɗauki hoton dutse da faɗuwar rana, washegari a wuce. Matasa da yawa sun ci abinci da ja-gorar baƙi, da kuɗin aka biya wa yara makaranta. Amma Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa ba ta kai hantsi.

Bayan na tashi

Shekara biyu bayan zamana, a watan Fabrairu na 2013, 'yan Boko Haram suka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da dajin Waza. A watan Nuwamba na shekarar aka sace wani limamin Katolika Bafaranshe kusa da Koza, a arewacin Mokolo. Ƙasashen Turai suka gargaɗi mutanensu kada su taka yankin, sai baƙi suka ɗauke kamar ruwan ƙarshen damina. A 2014 Gwoza ta faɗi a watan Agusta, Michika a Satumba, Mubi a Oktoba. A Disamba aka kai hari Sukur, garin dutsen nan da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Sansanin 'yan gudun hijira na Minawao, kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a Yuli 2013, ya haura mutum 50,000 a 2016. Har a 2020 da 2021 an kai munanan hare-hare a ƙauyukan wajen Mozogo. A waɗansu ƙauyukan dutse tsofaffi sun laƙaba wa maharan tsohon sunan da suka sani, Hamaji, watau Hamman Yaji.

Abokin aikina ne ya kawo mini labarin gidan Baba a ƙarshen 2014. Maharan ba su iso gonarsa ba, amma waɗanda suka gudu daga Michika sun iso, da dare, ta hanyoyin ƙafa da kakanninsu suka bi. Ƙanwarsa ta zo da 'ya'yanta da jikokinta, waɗansu kuma suka biyo su. Bukkar da na kwana ni kaɗai a ciki, mutum 11 suka zauna a cikinta wata biyar, ba wanda ya biya ko dala. An jingine gadon a bango aka shimfiɗa tabarmi. Matar nan da 'yarta kuma su ne dai suke hawa da ruwa, sai dai yanzu sau uku a rana, ga layin rafi ya ninka.

Mu da muka zauna a bukkar da kuɗi, daga Faransa ko daga Garwa, kowa ya ga hatsari ya tsaya a gidansa, ba kuwa wanda zai ga laifinsa. Mai bukka ba shi da wani gida. Kuɗin haya ya yanke masa a shekarar da bakunan da yake ciyarwa suka ƙaru. Na aika da abin da ya sawwaƙa ta hannun abokin aikina, na kuma roƙi mutanen gidanmu suka haɗa tufafi da barguna. Saƙon da Baba ya maido mini gajere ne. Ya ce a gaya wa Malam ƙarfen yana nan a rataye, amma yanzu yara ne suke buga shi in tuwo ya nuna.

Ga wanda zai tafi

Ban rubuta wannan domin in hana kowa ba. Jikin da ya gaji yana da hakki a kan mai shi, 'yan kwanaki nesa da hayaniya kuma suna da amfani ƙwarai, na shaida da jikina. Duwatsu kuwa ba na Mandara kaɗai ba ne. Akwai su a wajen Poli da Ngaundare, akwai tudun Jos da na Mambila a Nijeriya, akwai Abzin a Nijar. Sai dai duk wanda zai tafi, ya fara binciken lafiyar hanya a wurin mutanen yankin da hukuma a makon da zai tashi, kada ya dogara ga labarin bara. Ya riƙe bargo, da tocila, da maganinsa na kullum, ya tafasa ruwan sha, ya kuma gaya wa mutanen gidansa inda yake da ranar da zai dawo.

In ya isa, ya gai da mai gari kafin ya kwance kaya. Ya tambayi inda ruwa yake fitowa da wanda yake ɗaukowa, ya yi tattalinsa, ya biya mai ɗaukar a hannunta. Ya sayi gyaɗa da ƙwai da kaza a wurinsu maimakon ya cika jaka da gwangwani daga birni. Kada ya taya ɗaki har ya karya mai shi, gama abin da shi yake gani kuɗin shayi ne, a can kuɗin littafin yaro ne. Kada ya ɗauki hoton mutum ko na wurin da suke girmamawa sai da izini. Ya kira mutane da sunan da suke kiran kansu. In tsoho ya soma ba da labari, ya ajiye abin da yake karantawa ya saurara.

In ya koma gida kuma, kada ya ce ya biya kuɗin ɗaki, magana ta ƙare. Kuɗin na jinka ne da katifa. Wanda ya tsare ka kana barci a wurin da ba ka san kowa ba, ya zama naka, kai kuma ka zama nasa. Ka riƙe hanyar da za ka ji labarinsa, ka aika da gaisuwa ko ba kome a hannunka, in ka ji wuta ta tashi a ƙasarsu ka tambaya ko ta kai gidansa. Allah ya zaunad da duwatsun Mandara lafiya, ya mai da waɗanda suka warwatsu gidajensu, ya sa jikokin Baba su sake samun baƙi masu zuwa da sallama.